Filin Mata: Kunne Ma Ya Iya Karatu

 Gaisuwa ta musamman ga mutanen ƙetaren kogi, watau na Kakuri da Makera da Nasarawa da Barnawa da Narayi da Unguwar Television da Sabon Tasha, har zuwa Gonin Gora, gama zancenmu na yau daga wajenku ya fi tasowa.

Bayan gaisuwa, tambaya uku ce ku ke ta aiko wa filin nan game da littattafan da a ke karantawa a ɗauki muryar, mutum ya sa a waya ko ya kama a rediyo ya saurara. Ta fari, da wane littafi za a soma? Ta biyu, ta yaya a ke gane mai karatu na ƙwarai? Ta uku kuwa, wadda ta fi yawa, ina a ke samu da araha? To, za mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Amma tun da fari ina so ki riƙe magana guda, domin ita ce ma'aunin sauran duka. Cikin abin da ki ke biya don jin littafi, kuɗi shi ne ƙarami, babban shi ne lokacinki. Littafi guda ya kan ci awa goma, wani ya ci ashirin. Naira in ta fita yau, gobe wata ta shigo, amma awar da ta wuce ba mai mayar miki da ita. Saboda haka yadda ki ke juya atamfa a kasuwa, ki duba bakinta, ki murza, kafin ki kwance bakin zane ki biya, haka ya kamata ki yi wa abin da za ki ba kunnenki.

ABIN BA BAƘO BA NE

Waɗansu suna cewa ai wannan ba karatu ba ne, lalaci ne. Haba! Hausawa dai sun ce kunne ya girmi kaka. Tun ba a san boko ba, da kunne aka sha tatsuniya a ɗakin tsohuwa, da kunne aka san labarin Bayajida da na Sarauniya Amina. Sa'ad da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin 1939, masu iya karatun boko kaɗan ne, sai mutum guda ya saya, ya zauna a zaure ko a gindin itace ya karanta da ƙarfi, jama'a suna ji. Kwabo ɗaya ke nan ya wadatar da taro.

Nan Kaduna kuwa abin ya daɗe da zama ɗan gida. A 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri, waɗansu masaƙu suka biyo baya, mutane suka yi ta kwararowa daga ko'ina suna cika unguwannin nan na kudu. A 1962 aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna, muryarsa ta game Arewa har ta ƙetare iyaka. Manyanmu ba su manta da Shafa Labari Shuni ba, shirin da gidan rediyon tarayya na Kaduna ya yi shekaru yana karanta labarai a cikinsa, mata suna tankaɗe suna saurare. Daga baya kaset ya zo, bayansa faifan CD, yau ga shi duka sun tattaru sun shige cikin 'yar wayar da ke hannunki.

Can ƙasashen Turawa ma domin mabukata aka soma. Thomas Edison na Amurka ya ƙago na'urar ɗaukar murya a 1877, da shekara ta kewayo ya lissafta amfanin da za ta yi, har ya sa da littattafai masu magana domin makafi. A 1935 aka fara yin irin waɗannan a faifan garmaho a Ingila, musamman saboda sojojin da suka rasa idanunsu a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

To, ke ma idonki ai ba naki ba ne yini guda. Mai ɗinki idonta na kan allura, mai kitso na kan tsaga, mai suyar ƙosai ko awara na kan kasko. Ma'aikaciyar da ta ke shiga mota daga Sabon Tasha ta ƙetare gada zuwa cikin gari, safe da yamma, ta san yawan lokacin da cunkoso ke cinye mata. Ga tsohuwa wadda ido ya soma gajiya. Ga kuma maƙwabtanmu na unguwannin nan, Gbagyi da Bajju da Atyap da Ham da Yarabawa da sauransu, waɗanda Hausa ta zauna a bakinsu ɗaram, amma a makaranta Turanci aka koya musu karantawa. Duk waɗannan hannu da ido suna aiki, kunne kuwa yana zaune ba aikin fari ba na baƙi. Ashe kuwa ya kamata a ba shi abinci mai kyau.

DA WANE ZA A SOMA?

Shawarata, ki soma da littafin da aka rubuta kamar ana ba da labari da baki. Gaba gare su duka Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam, littafi uku, wanda ya fito tsakanin 1937 da 1939. A na farkon, aku ne ya ke ta kawo labari bayan labari don ya tsare Musa ɗan sarki kada ya fita ya faɗa hannun maƙiya. Kowane labari da kansa ya ke tsaye, saboda haka in kika sa ɗaya sa'ad da kika ɗora sanwa, kafin ki sauke tukunya ya ƙare, ba ki bar zare yana reto ba.

Bayansa sai littattafai biyar ɗin nan da suka fito daga gasar rubutu ta 1933, watau Ruwan Bagaja, da Ganɗoki, da Shaihu Umar, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi. In dariya ki ke so, ki nemi Ruwan Bagaja ki ji yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe su ke ta ƙulla wa juna tsiya gari gari. In kuwa mai taɓa zuciya ki ke so, to, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, labarin yaron da aka sace aka kai shi har Masar, uwarsa ta bi sawunsa ta ratsa hamada tana nema. Duk uwar da ta ji wannan sai ta jawo ɗanta kusa. Dukansu gajeru ne, cikin kwana ɗaya ko biyu kin gama.

Sa'an nan ga waɗanda mata 'yan'uwanmu suka rubuta. So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed ya fito a 1980, shi a ke lissaftawa labari na farko da aka buga na mace cikin Hausa. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, labarin Rabi mai 'ya'ya tara wadda miji ya kora bayan ya yi amarya, ta tsaya da sana'ar abinci ta riƙe 'ya'yanta. Wannan har an mai da shi Turanci an buga a Indiya cikin 2012. Nata ne kuma Wa Zai Auri Jahila?, wanda ya kamata uwa da 'ya su ji tare, domin zancen cire yarinya daga makaranta ne da abin da ya biyo baya. Mai son labarin soyayya irin na da, mai kunya da kara, ta nemi In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, na 1991.

Wadda lokacinta ya ke ƙanƙane ƙwarai, ta nemi labaran Hikayata, gasar gajerun labarai da Sashen Hausa na BBC ya soma a 2016 domin mata marubuta. Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, labarin 'yan gudun hijira, shi ya ci ta farko. Maraici na Safiyya Ahmad ya ci a 2019, Haƙƙina na Aishatu Musa Dalil a 2021, Garar Biki na Amira Souley daga Nijar a 2022. Alƙalai ne suka tace waɗannan daga cikin labarai masu yawa, watau an riga an sheƙe miki ƙaiƙayi.

Sauran dogayen labaran nan na zamani, waɗanda a ke sakewa kashi kashi a YouTube da WhatsApp. Akwai masu kyau ƙwarai a ciki, akwai kuma waɗanda a ke ja kamar danƙo don kawai kashi ya yi yawa. Kafin ki ɗauki ɗaya, ki yi abu biyu. Ki duba ki tabbata kashi na ƙarshe yana nan, kada ki yi mako uku kina bi a bar ki a tsakiyar kogi. Ki kuma tambayi wadda ta ji shi har ƙarshe, ba wadda ta ke kashi na biyar ba.

YADDA A KE GANE MAI KARATU

Miya ko ta ji nama, in mai tuƙa tuwo ta bar gudaji, abincin ya ɓaci. Haka littafi ya ke a bakin wanda bai iya karatu ba. Hausawa kuwa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba a ke gane ta, saboda haka minti goma na farko sun isa ki yanke hukunci. Ga abin da za ki kasa kunne ki ji.

Na fari, ko ya fahimci abin da ya ke karantawa? Dalilin wannan tambaya shi ne, rubutunmu na boko ba ya nuna inda murya za ta hau da inda za ta sauka, ba ya kuma nuna inda a ke jan harafi. Dubi wannan: ta zauna gindin kuka tana kuka. A takarda kalma ɗaya ce sau biyu, a baki kuwa ɗaya itace ce, ɗaya hawaye. Haka gari ya waye babu gari a gidan, haka wuya ta wahala da wuya na sarƙa. Ƙari a kan haka, masu rubutu a waya da yawa ba su sa lanƙwasar haruffa, sai baƙi su koma baki, ƙafa ta koma kafa. Mai karatu na ƙwarai idonsa na gaba da bakinsa, ya riga ya san inda magana ta dosa kafin ya furta. Wanda bai iya ba sai ki ji ya yi tuntuɓe, ya koma baya, ko kuwa ya wuce abinsa ya bar ki da ma'anar da ba ita ba.

Na biyu, ko ya san wurin tsayawa? Akwai mai gudu kamar an biyo shi, akwai mai ja kamar wanda barci ya ɗauka. Na ƙwarai ya kan numfasa inda magana ta numfasa. In an zo wurin mutuwa ya sassauta, in an zo wurin faɗa ya ɗan ɗaga, ba tare da ya fasa miki kunne ba.

Na uku, ko ki kan gane mai magana ba sai an faɗa ba? Ba a ce namiji ya maƙe murya ya koma 'yar budurwa ba, wannan abin dariya ne, ya kan ɓata wurin da ba na dariya ba. Ɗan sauyi kaɗan ya isa a bambanta uwar miji da amarya, a bambanta attajiri da bara.

Na huɗu, ko ya bar littafin ya yi magana? Waɗansu kowane minti biyar sai sun tsaya sun kawo nasu sharhi, ko gaishe-gaishe, ko tallan magani. Waɗansu kuma su sa kiɗa a ƙarƙashi har ya danne muryar. Ke labari kika zo ji. In ki ka ji ƙugin janareta ko iska na busawa cikin muryar tun daga farko, ki sani haka za ki sha har ƙarshe.

Na biyar, ko ya faɗi sunan littafin da sunan wadda ta rubuta? Wanda ya ɓoye sunan mai abu, ki yi hattara da shi, za mu komo kan wannan nan gaba.

In kina son ma'auni, ki saurari yadda ma'aikatan gidajen rediyo su ke karatu, gama su an horar da su a kan riƙe numfashi da fitar da harafi. Masu bin wannan harka sun san Rai Dangin Goro na Ahmad Isa Koko, wanda ya yi suna wajen karanta littattafan Hausa. Ki ji irin wannan sau biyu sau uku, kunnenki zai koyi abin da zai riƙa nema a wurin saura. Amma kada ki ƙi mai karatu don karin harshensa. Basakkwace da Bakano da Bazazzagi kowa da yadda ya ke lanƙwasa harshe, duka Hausa ce, wani lokaci ma karin ne ke ƙara wa labarin gishiri.

Yanzu kuma an shigo da muryar na'ura, watau kwamfuta ce ke karatun ba mutum ba. Ki kan gane ta da cewa ba ta numfashi, ba ta gajiya, yadda ta faɗi ɗaurin aure haka za ta faɗi jana'iza, kuma a wurin su kuka da gari ɗin nan ta kan yi ta kuskure. Don jin 'yar sanarwa ba laifi, amma littafin awa goma sha biyar, kai, sai kanki ya yi ciwo.

INA ARAHA TA KE?

Wannan tambaya tana da dalili, gama a watan Janairu na 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yarda kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin 100. Kowace uwargida ta ji a jikinta. To, ga dabaru.

Mafi araha duka shi ne rediyo. Ba ya cin data, batir kaɗai ya ke so, wayoyi da yawa ma da rediyonsu a ciki. Ki san ranar shirin karatu da lokacinsa a tashar da ki ke kamawa, ki daidaita wankinki ko gugarki da shi.

Na biyu, ki san lissafin data. Murya zalla, in an ɗauke ta daidai wa daida, awa guda ba ta wuce megabait 30, watau gigabait 1 ya ɗauki sama da awa 30. Hoto mai motsi shi ne ke shanye data, ya kan ninka wannan sau da yawa. Saboda haka in a YouTube ki ke saurare, tun da ba kallo kika zo ba, ki shiga wurin gyara hoto ki mai da shi lamba mafi ƙanƙanta, watau 144, muryar za ta ci gaba da fita yadda za ki ji. In kuwa an ba da hanyar sauke muryar, ki sauke sau ɗaya ki ajiye, ya fi ki riƙa jawo ta kullum. Kamfanonin waya suna da tsarin dare wanda ya fi na rana sauƙi, ki tambaya, ki yi saukarki a lokacin.

Na uku, katin memori. Mai gigabait 8 ya ɗauki sama da awa 200 na murya, ko kullum kina jin awa biyu ya kai ki wata uku. Ba ki da bukatar babba. Amma nan ne a ke cewa araha ba ta ado. Akwai katin jabu wanda ya ke nuna gigabait 32 alhali cikinsa bai kai haka ba. Sai ya yi ta karɓar kaya kamar gaske, ran da kika zo saurare ki tarar rabi ba ya buɗewa. In kin ga farashi ya faɗi ƙasa ƙwarai da na sauran shaguna, ki ajiye musu abinsu. Ki saya wurin mai shagon da gobe za ki same shi a wurin.

Na huɗu, masu tura waƙoƙi da fina-finai a waya, waɗanda ba a rasa su a shagunan caji, ko a Kasuwar Monday ta Kakuri ko a Sabon Tasha. In kin je, kada ki yi cinikin biri a sama. Ku yi tsada tukuna, a kan littafin duka ba kashi kashi ba. In ya gama turawa, kafin ki ɗaga daga wurin ki buɗe kashi na farko, da na tsakiya, da na ƙarshe, ki ji da kunnenki, ki kuma duba lambobin ko sun bi juna. Kada ki bar wayarki a can ki tafi cefane, gama hotunanki da saƙonninki da na banki duka suna ciki.

Na biyar, manhajojin biyan wata wata. Na ƙasashen waje, kamar Audible wanda Amazon ya saya a 2008, su kan ba da gwaji kyauta, in kwanakin sun cika ba ki soke ba su soma cire kuɗi kowane wata. In za ki gwada, ki rubuta ranar a jikin kalanda. Wadda ta ke son na Turanci domin yara, akwai LibriVox, wanda aka kafa a 2005, 'yan sa kai ne ke karanta tsofaffin littattafai, kuma kyauta ne. Ki tuna dai zanen aro ba ya rufe katara. OkadaBooks, manhajar sayar da littattafan karantawa a waya wadda marubutan Hausa da dama suka sa hajarsu a ciki, ta rufe a watan Nuwamba na 2023. Abin da ke cikin katinki ko a kan kantarki shi ne naki.

Wanda kuwa ya ce ki turo lambar sirrin katin banki, ko lambar da banki ya aiko miki ta saƙo, wai don ya buɗe miki littafi, wannan ɓarawo ne, ki toshe shi.

HAƘƘIN MAI ABU

Yanzu mu komo kan wanda ya ɓoye sunan marubuciya. 'Yar'uwa, littafin nan da ya hana ki barci, mace ce kamarki ta rubuta shi, watakila da dare bayan yara sun kwanta, da kuɗin datarta da hasken tocila. In wani ya ɗauka ya karanta ba da izninta ba, kuɗin talla ya shiga aljihunsa, ita ko na sabulu ba ta gani ba. Mai turi kuma, abin da ki ke ba shi ladan wahalarsa ne da wutarsa, ko kwabo ba ya isa hannunta. In aka ci gaba haka, masu iya rubutu su gaji su koma wata sana'a, a bar mu da masu cika kashi.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta tsare littafi muddin ran mai shi, da shekara 70 bayan rasuwarsa. Alhaji Abubakar Imam ya rasu a 1981, ki lissafta ki gani, har yanzu da sauran tafiya. Dokar ta yi sassauci domin makafi, amma ba ta buɗe ƙofa ga mai neman riba da gumin wani ba.

To, me za ki yi? Ki fifita mai karatun da ya faɗi sunan marubuciya ya kuma ce da izninta ya ke yi. In littafi ya yi miki daɗi, ki saka wa mai shi, ki sayi na takarda, ko ki sayi na gaba daga hannunta kai tsaye, gama da yawa suna sayarwa da kansu. In kuɗin ya yi miki nauyi, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku haɗu ku huɗu ko biyar, 'yan gida ɗaya ko 'yan shago ɗaya, kowace ta sayi littafi guda, ku riƙa sa wa a sifika kuna ji tare kuna aiki, kamar yadda a ke jin jarida a zaure a da. Kun sami biyar da kuɗin ɗaya, ba ku ci haƙƙin kowa ba, ga kuma hira a kai in an gama.

KUNNEN YARA DA NAKI

Abu biyu kuma kafin mu rufe. Littafin takarda shiru ya ke, na murya kuwa duk wanda ke tsakar gida ya ji. Cikin labaran zamani akwai waɗanda ba su dace da kunnen yaro ba, ba kuwa kullum a ke yin gargaɗi ba. Sabon littafi ki fara jinsa ke kaɗai tukuna, rigakafi ya fi magani.

In kuwa abin sawa a kunne ki ke amfani da shi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada ƙarar ta wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin na'urar, a kuma riƙa hutar da kunne. Ji in ya lalace da ƙara ba ya komowa. Ki sa a kunne ɗaya ki bar ɗaya, domin ki ji kukan jariri, da sallamar baƙo, da mota in kina tsallaka titi.

Littafin da kika nema ba ki samu an karanta ba kuwa, ai mai karatu na cikin gidanki. Ki sayi na takarda ki ba 'yarki ta makaranta ta riƙa karanta muku shafi biyar bayan cin tuwon dare. Kakarta ta ji labari, ita kuma Hausarta ta miƙe, ke ki riƙa gyara mata inda ta mai da itace hawaye. Ran da tsohuwar ta ji daɗi ta ce bari ita ma ta ba ku tatsuniya, maza ki danna wurin ɗaukar murya a wayarki ki ajiye. Wannan ba a sayar da shi a kowace kasuwa.

Wadda ta san wani mai karatu da ya ci jarrabawar nan ta minti goma, ta rubuto mana sunan shirinsa da littafin da ta ji, mu sanar da saura. Allah ya ba mu jin alheri. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.